Tambaya da Amsa: Doka ta zo kan kirifto, to kuɗin jama'a fa?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da majalisar Ghana ta zartar da dokar kirifto, wato kuɗin intanet irin su bitcoin, a watan Disamba 2025 saƙonni suke ta shigowa daga Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Tafo har da 'yan'uwanmu na Nima, kuma kusan duka abu ɗaya ake tambaya, shi ya sa wannan fitowar muka ba wa maganar filin gaba ɗaya. Waɗanda suka aiko tambaya kan takardun fili da haya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, duk wata kowa yana zuba nasa, in an yi rasuwa ko suna ko wani ya kwanta asibiti a nan muke cirowa. Yanzu samarin cikinmu sun sa ni gaba wai gwamnati ta halatta bitcoin, wai manyan kamfanonin Amurka irin su BlackRock duk sun shiga, mu kaɗai ne muke barci kuɗi na kwance a banki suna lalacewa. Sun ce a ɗebi rabi a saya. Ni dai gabana faɗuwa yake amma ba ni da amsar da zan ba su. Mece ce gaskiyar maganar?
Ma'aji, Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka taɓa ko fesuwa ɗaya. Samarin nan ba ƙarya suka yi maka ba, rabin labari dai suka kawo, bari in cika maka sauran.

Su waɗannan manyan da ake magana, asusun fansho ne da kamfanonin inshora da bankuna da jami'o'i masu dukiya, kuɗin da ke hannunsu ba nasu ba ne, amana ce, kamar dai naka. Manajan asusun fansho ba zai iya sayen bitcoin ya zuba a walet ɗin wayarsa ba ko da ya tabbata gobe zai ninka, domin a ƙarshen shekara odita zai zo ya ce ina kayan, wa yake riƙe da su, wa ya ba mai riƙon lasisi, in ya gudu wace kotu za a je. In babu amsa to kurkuku ke jiransa ba riba ba. Wannan ne ya sa suka yi shekaru suna kallo daga nesa. Tun 2013 wasu tagwaye 'yan Amurka, su Winklevoss, suka nemi hukumar SEC ta can, mai kula da kasuwar hannun jari, ta ba su izinin buɗe asusun bitcoin da za a riƙa saye da sayar da shi a kasuwar hannun jari, hukumar ta yi ta ƙi, su da duk wanda ya biyo bayansu, shekara goma cur. Sai a Agusta 2023 kamfanin Grayscale ya kayar da hukumar a kotu, ranar 10 ga Janairu 2024 kuma ta amince da irin wannan asusun guda 11 a rana ɗaya. Shi ne ETF ɗin da kake ji samari na faɗa. Yadda yake aiki, kamfani ne zai sayi bitcoin ɗin na gaske ya kai wa mai ajiya mai lasisi, na BlackRock kamfanin Coinbase ne yake riƙe masa, sannan a yanka shi hannun jari a sayar, wanda ya saya takarda yake riƙe da ita kamar ta kowane kamfani, bai taɓa ganin walet ba balle ya manta lambar sirri. Kafin shekara ta zagayo asusun BlackRock kaɗai ya haura dala biliyan 50.

Ka lura fa Alhaji, bitcoin ɗin bai canja ba tsakanin 9 ga wata da 10 ga wata, shi ne dai na jiya. Abin da ya canja shi ne an samu wanda za a kama in abu ya ɓaci. Kai da ka taso a zango ka san wannan tsarin tun a cinikin goro, baƙo ya zo daga Kano ko Sakkwato da kuɗinsa ba ya shiga kasuwa kai tsaye, sai ya sauka wurin maigida, maigida ne zai ajiye masa kuɗin, shi zai tsaya masa in za a ba shi bashi, in rigima ta tashi shi za a kira gaban Sarkin Zango. Garin da babu maigida amintacce manyan fatake ba sa sauka. To doka maigida ta samar wa manyan masu kuɗi, amma maigida bai taɓa yi wa baƙo alkawarin goro ba zai faɗi a kasuwa ba.

Nan ne samarinku suka tsallake. A Nuwamba 2021 bitcoin ya kai wajen dala 69,000, shekara ɗaya bayan nan yana wajen 16,000. Za su ce ai wancan kafin dokar Amurka ne. To bayan doka fa, a Oktoba 2025 ya taɓa dala 126,000, kafin Nuwamba ta ƙare ya sauko ƙasa da 90,000, BlackRock yana ciki, doka tana nan, bai hana ba.

Sannan ka tambaye su nawa manyan suke sakawa. Hukumar da ke juya kuɗin fanshon jihar Wiskonsin a Amurka tana cikin na farko da suka saya a 2024, ta sa wajen dala miliyan 160, a ji kamar kuɗi mai yawa, amma abin da take riƙe da shi ya fi dala biliyan 150, wato a cikin kowace sidi 1,000 sidi ɗaya ta saka, kuma farkon 2025 ta sayar da abinta duka ta fita. Shi kansa BlackRock mai sayar da kayan, shawarar da ya ba masu sha'awa ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Su kuma naku sun ce rabi. Wallahi rabi ba kwaikwayon manya ba ne, babu wani babban asusu da yake riƙe amanar mutane da zai yi haka.

Kuɗin ƙungiyarku kuwa ma ya fi na fansho tsanani, domin fansho yana iya jiran shekara ashirin, ku kuwa rasuwa ba ta sallama, ranar da za a buƙaci kuɗin likkafani da motar kai gawa Tafo ba za ka ce wa iyalan mamaci a jira kasuwa ta tashi ba. Ra'ayina ƙarara, kar a saka. Wanda yake so a cikin samarin ya saya da kuɗin aljihunsa, yanzu doka ba ta hana shi ba. In kuma sun matsa a taro, ka ce su faɗa wa jama'a a wayar wa kuɗin zai zauna, in mai wayar ya rasu ko ya yi tafiya wa ya san lambar, za ka ga ɗakin ya yi tsit.

TAMBAYA: Malam ni malamar makaranta ce, saura 'yan shekaru in yi ritaya. Na ji ana cewa tunda an yi doka masu riƙe kuɗin fanshonmu za su fara zuba shi a kirifto. Abin ya hana ni barci, mun ga abin da ya faru lokacin bashin gwamnati.
Malama, Asawase

AMSA: Hajiya Malama ki kwantar da hankalinki, dokar da aka yi ta masu kamfanonin kirifto ce, masu canji da masu ajiya da masu walet, ta ce su zo su karɓi lasisi a hannun Babban Bankin Ghana ko hukumar SEC tamu gwargwadon irin aikinsu. Ba ita ce take faɗin inda za a sa kuɗin fansho ba. Wannan aikin hukumar kula da fansho ta NPRA ne a ƙarƙashin dokar fansho ta 2008, ita take fitar da jerin wuraren da aka yarda a zuba kuɗin da iyakar kowane ɗaya. Cikin kashi 18.5 na albashi da ake cirewa tsakanin ke da mai ɗaukar aiki, 13.5 yana tafiya SSNIT, 5 kuma yana zuwa mataki na biyu da amintattu masu zaman kansu suke riƙewa, su ma ba su da ikon fita daga jerin hukumar don sun ga ana yayi.

Kuma halatta ciniki daban, buɗe wa fansho ƙofa daban. Afirka ta Kudu ta riga mu nisa, tun Oktoba 2022 ta sa kirifto cikin kayan kuɗi da ake ba wa lasisi, ta ba kamfanoni da yawa, amma a dokar fanshonta ta rubuta baro-baro cewa asusun fansho ba zai saka kuɗi a kirifto ba, tun Janairu 2023 haka ake. Ni a ganina wannan ita ce hanyar da ta dace da mu, aƙalla har a ga yadda masu lasisin namu za su riƙe amana na wasu shekaru.

Tsoronki kuma ba na banza ba ne. 'Yan'uwanki malaman makaranta na Ontariyo a Kanada asusun fanshonsu ya sa dala miliyan 95 a kamfanin canjin kirifto na FTX, da kamfanin ya rushe a Nuwamba 2022 sai da suka rubuta kuɗin a matsayin asara, kamfanin Temasek na gwamnatin Singafo shi ma dala miliyan 275 ya tafi. Ƙwararru ne fa masu lauyoyi da masu bincike, amma FTX yana zaune a Bahamas, kuɗin abokan ciniki yana zarewa yana ba wani kamfanin mai shi, babu mai leƙa littafin da gaske. Mai kamfanin Sam Bankman-Fried yana ɗaure yanzu, shekara 25 aka yanke masa. Abin da ya ceci malaman Ontariyo shi ne kuɗin bai kai ko kashi 0.05 cikin 100 na asusunsu ba.

Abin da zan roƙe ki, ku malamai kuna da ƙungiya mai ƙarfi, a Disamba 2022 barazanar yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago ce ta sa gwamnati ta cire kuɗin fansho daga shirin sauya bashi na farko. Ku nemi rahoton shekara na amintattunku ku karanta, a taro a tambaye su ina kuɗin yake, haƙƙinku ne.

TAMBAYA: Yallabai ina kawo kayan waya daga Chaina, shekara biyu ke nan da USDT, kirifton da ake ɗaure farashinsa da dala, nake biyan masu kayana saboda ta banki wahala da tsada. Kullum ina tsoron a rufe min asusun banki. Yanzu da doka ta zo bankuna za su karɓe mu ne ko kuwa tarko ne a san mu a bi mu da haraji?
Ɗan kasuwa, Alabar

AMSA: Ɗan'uwa ba kai kaɗai ba ne, an ƙiyasta mutum wajen miliyan 3 ne suke taɓa kirifto a ƙasar nan, kuma daga Yuli 2023 zuwa Yuni 2024 cinikin ya kai kusan dala biliyan 3, Najeriya a wannan lokacin wajen biliyan 59. Yawancinsa ba caca ba ce, irin naka ne, biyan kaya da aiken kuɗi gida. Tun Janairu 2018 Babban Bankin Ghana ya ce abin ba shi da lasisi, a 2022 ya sake jan kunnen bankuna da kamfanonin momo su nisance shi, shi ya sa kuka koma hannu da hannu, ka tura wa wani momo shi kuma ya sakar maka USDT, kowa na ɓoye abin da yake yi. Najeriya ta gwada hanyar ƙarfi, Fabrairu 2021 ta hana bankuna, cinikin bai mutu ba sai ma ya koma inda gwamnati ba ta gani, Disamba 2023 ta janye, a 2025 kuma ta sa shi cikin dokar hannun jarinta. Mu ma darasin da aka ɗauka ke nan, a Agusta 2024 aka fitar da daftarin ƙa'idoji, 2025 aka yi rajistar kamfanoni, sannan doka.

Amma kar ka sa ran gobe ka shiga banki a Adum ka ga an buɗe tagar bitcoin. Bankuna suna da nasu linzamin da ya wuce Ghana. Kwamitin Basel da ke tsara wa bankunan duniya ƙa'ida ya ɗora wa irin su bitcoin nauyin haɗari na kashi 1,250, a taƙaice duk sidi ɗaya na bitcoin da banki ya riƙe wa kansa sai ya ware sidi ɗaya daga jarinsa ya ajiye a gefe, wane banki ne zai so wannan. A Amurka ma wata ƙa'idar lissafi ta 2022 ce ta sa yi wa mutane ajiyar kirifto ya yi wa bankuna tsada ƙwarai, sai da aka soke ta a Janairu 2025 suka fara motsi. Abin da za ka fara gani a nan shi ne banki ya yarda ya buɗe wa kamfanin canji mai lasisi asusu, kai kuma ka bi ta kamfanin, kuɗinka ya shiga ya fita da sunansa ba a ɓoye ba. Wannan kaɗai babban sauƙi ne.

Maganar a san ku kuwa, eh za a san ku, ba zan ɓoye maka ba. Za a nemi Ghana Card, za a rubuta wa ya tura wa ya karɓa, hukumar haraji kuma ba a barci take ba. Dalilin ba ƙiyayya ba ce, Ghana ta zauna a jerin ƙasashen da hukumar FATF take sa wa ido kan halatta kuɗin haram daga 2018 zuwa 2021, lokacin bankunan waje sun riƙa ja da baya da mu, duk ɗan kasuwa mai tura kuɗi waje ya ji a jikinsa, babu mai son a koma. Ka fara ajiye rasit da takardar oda na kowane kaya tun yanzu, wanda cinikinsa na halal ne takarda garkuwarsa ce.

Abu biyu kuma game da USDT ɗin kansa. Ba dala ba ce, alkawarin kamfani ne cewa yana da dala a ajiye, shi ya sa dokoki suka fi matsa wa wannan ɓangaren. Amurka a Yuli 2025 ta yi dokar GENIUS da ta ce kowace dala ɗaya ta dijital sai da dala ɗaya ko takardar bashin gwamnati a bayanta kuma a riƙa bayyanawa duk wata, Turai kuma da dokarta ta MiCA ta fara aiki manyan kasuwanni irin su Coinbase da Binance sun cire wa mutanen can cinikin USDT don bai cika sharaɗinsu ba. Doka a wata ƙasa tana iya taɓa abin da ke wayarka a Alabar. Na biyu, ka biya kaya da shi ka wuce, kar ka mai da shi rumbu. Waɗanda suka tara dala a Afrilu 2025 tana sama da sidi 15 sun wayi gari a Yuni tana 10 da 'yan kai, na san mutane a kasuwa da har yau ba sa son a tayar da zancen.

TAMBAYA: Malam tunda gwamnati ta halatta, a Musulunci ma ya halatta ke nan?
Ɗalibi, Sabon Zango

AMSA: Ƙanena, majalisa ba ta ba da fatawa. Malaman duniya sun saɓa, Muftin Masar na lokacin Shawki Allam ya haramta a 2018 saboda garari, wato rashin tabbas, da yaudarar da ke ciki, majalisar malaman Indonesiya a 2021 ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi, su kuma malaman hukumar hannun jarin Malesiya a 2020 sun halatta cinikinsa a kasuwannin da ke da rajista. Ka ga su na Malesiya samuwar mai sa ido tana cikin abin da suka duba. Ka je wurin malaminka ka zayyana masa ainihin abin da za ka yi, saye da ajiyewa ne, ko biyan kaya, ko irin wanda ake cin bashi a yi caca kan farashin gobe, domin hukuncinsu ba zai zama ɗaya ba.

TAMBAYA: An sa ni a wani guruf na WhatsApp, sun turo takarda mai tambarin Babban Banki wai sun yi rajista, in ka sa sidi 2,000 za a riƙa ba ka 600 duk wata. Maƙwabciyata ta karɓa sau biyu. In shiga?
Uwar gida, Tafo

AMSA: Hajiya don Allah kar ki shiga, ki kuma ja maƙwabciyarki gefe ki ce ta ciro uwar kuɗinta yau in za su ba ta. Wannan shi ne abin da ya fi damuna tun da aka yi dokar nan, 'yan damfara sun samu sabuwar riga. Rajistar da Babban Banki ya kira a Yuli 2025, wadda aka rufe 15 ga Agusta, ƙidaya ce don a san su waye a kasuwar, bankin da kansa ya faɗa cewa rajista ba lasisi ba ce. Ko lasisin gaske ma izinin yin canji ne ko ajiya, ba ya ba kowa damar yi miki alkawarin riba, kuma takarda a waya yaro mai kwamfuta zai haɗa ta kafin shayi ya huce.

Ki yi lissafin da kanki, 600 a kan 2,000 kashi 30 ne a wata. BlackRock da yake juya dukiyar da ta haura dala tiriliyan 10 bai yi wa kowa alkawarin ko kashi ɗaya a kan bitcoin ba. Abin da maƙwabciyarki ta karɓa kuɗin waɗanda suka shiga bayanta ne. Mun ga irinsa a ƙasar nan, kamfanin zinariya na Menzgold da SEC ta dakatar a Satumba 2018 mutane sun yi ta karɓa kafin a rufe ƙofa, a Najeriya kuma CBEX ya tafi da kuɗin jama'a a Afrilu 2025, su ma da takardun rajista suke yawo. In kina son tabbatarwa ki sa ɗanki ya duba sunan kamfanin a shafin Babban Banki da na SEC, ba a takardar da su suka turo ba, ki fita daga guruf ɗin, sannan ki gaya wa matan islamiyyarku don irin waɗannan ta wurin mata masu adashi suka fi shigowa unguwa.